Ɗaki A Bayan A-Kori-Kura: Rana, Hadari Da Raɓa Tsakanin Yuta Da Kolorado

A yammacin Amurka akwai ƙasa mai faɗin gaske wadda ba gonar kowa ba ce, ba kuma filin wani attajiri ba. Hukumar kula da filaye ta gwamnatin tarayya, wadda ake taƙaita sunanta da BLM, ita kaɗai tana riƙe da eka kusan miliyan 245, mafi yawansu a jihohin yamma. A galibin wannan fili doka ta yarda mutum ya tsayar da motarsa ya kwana ba tare da ya biya ko sisi ba, muddin bai wuce kwana 14 a wuri guda ba. Wannan dama ta haifar da wata al'ada ta yawon jeji, al'adar kuma ta haifar da nata kayan aiki. Daga cikinsu wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗan ɗakin nan da ake ɗorawa a bayan a-kori-kura.

Akwati ne na alminiyam da katako, an auna shi daidai da bayan motar. Idan ana tafiya rufinsa a sauke yake, tsayinsa bai ɗara kan motar da yawa ba. Idan an isa masauki sai a ɓalle maƙullai, a shiga ciki a tura rufin sama, nan take bangon yadi mai tsayin kamu ɗaya da rabi ya miƙe tsakanin akwatin da rufin, tamkar zugazugin maƙeri da aka buɗe. A ciki akwai gado a saman wurin zaman direba, da murhun gas, da tankin ruwa, da ɗan teburi. Hikimar abin ita ce mota ba ta yin nauyi daga sama, saboda haka ba ta tangaɗi a hanyar duwatsu, iska ba ta dukanta sosai a kan kwalta, mai bai ƙarewa da wuri, kuma tana iya ratsa ƙarƙashin rassan itatuwa. Abin da mai motar ya biya a madadin duk wannan shi ne, a daren sanyi ko na hadari, babu komai tsakaninsa da sararin Allah sai ƙyalle wanda kaurinsa bai kai na farce ba.

Fannina a jami'a kimiyyar zare da yadi ne. A wata ziyarar bincike ta 'yan watanni da na kai wata jami'a a jihar Kolorado, mai masaukina wani dattijon malami ne da ke koyar da ilimin duwatsu, yana dab da ajiye aiki. Ɗakinsa na mota ya kusa shekara ashirin, kuma burinsa idan ya yi ritaya ya shafe watanni a cikinsa yana bin duwatsun da ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a kansu. Damuwarsa guda ce: bangon yadin ya fara yoyo, an gaya masa kuɗin sabo, ya ji abin ya yi masa nauyi, ga shi kuma a shekarunsa kwana cikin jiƙaƙƙen bargo a kan dutse ba wasa ba ne. Ya ce mini, “Dakta, tunda kai likitan tsumma ne, zo mu je ka duba mini majinyaci a inda ciwon yake tashi.” Haka muka yi kwana tara a hanya cikin watan Agusta.

Mun shiga jihar Yuta, muka bi hanya mai lamba 128 wadda take rakiyar Kogin Kolorado cikin wani kwazazzabo na jajayen duwatsu masu tsayi kamar ganuwar da ba hannun mutum ya gina ba, har muka faɗa garin Moab. Garin yana bisa tudun kusan mita 1,200 daga teku. Ya yi tashe bayan da Charlie Steen ya gano yuraniyam a yankin cikin 1952, yau kuma masu yawon buɗe ido ne abincinsa, domin a gefensa ne gandun Arches yake, inda iska da ruwa da sanyi suka sassaƙa bakunan dutse sama da 2,000. Ruwan da ke sauka a Moab a shekara ko rabin na Kano bai kai ba, zafin rana kuwa a wannan lokaci yakan haura digiri 38. Duk wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ba zai ji baƙunta ba, sai dai launin ƙasar.

A nan na fara duba majinyacin. Mutane kan ɗauka ruwa ne babban abokin gabar tanti. Rana ce take fara cin sa, ruwan sama yana zuwa ne kawai ya tona asirin ɓarnar da ta riga ta yi. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda ake kira ultirabayolet, shi ne yake tsinka dogayen sarƙoƙin sinadarin da aka yi zare da roba da su. Ƙarfinsa kuma yana ƙaruwa da kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari a duk mita 1,000 da mutum ya hau. Yadin ɗakin mai masaukina saƙar foliyesta ce da aka shafe ciki da waje da robar binil, wato ɗan'uwan tamfol ɗin da ake rufe kayan tirela da shi. Binil a asalinsa abu ne mai tauri, irin na bututun ruwa, sai an gauraya shi da wani sinadari mai maiƙo sannan yake laushi. Da shekaru suka ja, zafi yakan fitar da wannan maiƙo sannu a hankali, robar ta bushe, ta fara tsagewa a wuraren da ake naɗe ta kullum. Na shafa hannuna a bangon, sai ga farin gari kamar alli a tafina. Amma da na ja yadin da ƙarfi a tsakiyarsa, na murɗa shi, na ga saƙar ciki tana nan da ranta. Da na sa farce na karci zaren ɗinki a ɓangaren da ya fi shan rana kuwa, sai ya tsinke kamar taliya.

Bari in ɗan tsaya a kan yadi, domin ɗaliban da ke karanta wannan shafi. Babu yadin da ya haɗa komai, kowanne da abin da yake bayarwa da abin da yake ƙwacewa. Yadin auduga mai kauri, wanda aka yi tantunan sojoji da shi shekaru aru-aru, yana da wata baiwa: idan ruwa ya taɓa shi zaren yakan kumbura ya toshe ƙofofin saƙa, shi ya sa masana kan jiƙa sabon tantin auduga su shanya shi sau biyu ko uku kafin su fita da shi. Yana kuma numfashi, tururi na ratsa shi. Aibinsa nauyi, da jinkirin bushewa, da saurin yin funfuna. Nailan, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin DuPont cikin 1935, yana da ƙarfi ga rashin nauyi, sai dai yana shan ruwa ya saki jiki, rana kuma ba ta raga masa. Foliyesta ya fi shi jure rana, kuma ba ya miƙewa idan ya jiƙe. Akwai akirilik wanda ake zuba masa launi tun yana narke kafin a ja shi zare, irin wanda ake rumfunan jiragen ruwa da shi. Wannan ya fi kowa riƙe launi a rana, yana kuma numfashi, amma goga tana cin sa, kuma sai an riƙa sabunta masa maganin ture ruwa. Shi kuwa binil ruwa ba ya ratsa shi sam, daga waje ko daga ciki, wanda wannan alheri ne da rana tsaka cikin hadari, kuma masifa ce da tsakar dare, kamar yadda za mu gani.

A dare na uku hadari ya same mu. Daga watan Yuli zuwa Satumba yankin yana da tasa 'yar damina, lokacin da iska mai laima ke tasowa daga kudu ta wajen Meziko. Yanayin zuwan hadarin sak na farkon daminarmu: gabas ta haɗe, iska ta ɗauke cak, sai kuma guguwar ƙura ta taso ta rufe ido. Mai masaukina tsohon hannu ne. Tun da la'asar ya ƙi yarda mu sauka a wani busasshen rafi mai yashi mai laushi, ya ce ruwan da ya sauka a dutse mai nisan kilomita da yawa yana iya iskowa nan cikin dare ba tare da ɗigo ɗaya ya faɗo a kanmu ba. Ya juya goshin motar ya fuskanci iska, don kada faffaɗan gefen yadin ya zama filafilan jirgi. Da walƙiya ta matso kuma ya ce mu sauko mu koma wurin zaman direba mu rufe gilasai, domin jikin mota na ƙarfe yana kare mutum daga tsawa, ɗakin yadi kuwa ba ya yi.

Ruwan bai fi minti arba'in ba. Da muka koma ciki muka tarar gefen katifa ya jiƙe, ruwa kuma ya bi kusurwoyin tagogi ya taru a kan teburi. Na roƙe shi ya kunna fitila mai ƙarfi a ciki ya bar ni a waje cikin duhu. Wannan gwaji ne da ba ya cin ko kwabo, kuma duk mai tanti ko rumfa yana iya yin sa. Jikin yadin ya kasance baƙi ƙirin, ban da wasu 'yan tsagu guda huɗu a layin naɗi. Amma duk inda allura ta bi, sai ga haske yana fitowa jere kamar tsakiyar carbi.

A ɗakin gwaji muna auna juriyar yadi ga ruwa ta hanya mai sauƙin fahimta. Ana ɗaure ƙyalle a gindin bututu a tsaye, a yi ta ƙara ruwa har sai ɗigo ya ɓullo ta ƙasa, tsayin ruwan a wannan lokaci shi ne makin yadin. Masu tantuna kan ɗauki milimita 1,500 a matsayin abin da ya isa rufin tanti. Yadin binil yana ninka wannan sau da yawa. To amma wannan maki na tsakiyar ƙyalle ne, bai san da zaman tela ba. Keken ɗinki yana huda rami bakwai ko takwas a kowane inci, idan zaren da ya cike ramin ya ruɓe ko ya sirance, sai ramin ya zama ƙofa, shi kansa zaren kuma ya zama lagwani yana jan ruwa daga waje zuwa ciki. Da yawan waɗanda suke zubar da tanti don yana yoyo, yadi mai lafiya suke zubarwa saboda zare na 'yan kuɗi kaɗan. Na gaya wa mai masaukina majinyacinsa ba ya bukatar a sauya masa fata, tela yake bukata.

Tela kuwa mun same ta a kusa da Durango, bayan mun koma Kolorado ta kudu. Wata dattijuwa ce mai ɗinkin rumfuna da murafun kwale-kwale, shagonta cike da naɗaɗɗun yadudduka, kekenta kuma irin mai ƙafa biyun nan ne da ke jan yadi mai kauri daga sama da ƙasa lokaci guda. Ban taɓa ganin ta buɗe littafi ba a yini biyun da muka yi tare, amma duk abin da nake koyarwa a aji na gan shi a yatsunta. Ta ƙi ta kwance yadin daga jikin akwatin gaba ɗaya, ta ce tsohon binil idan aka cire shi ba ya yarda ya koma yadda yake. Inda keke zai iya kaiwa ta sassauta ƙarfen da ya danne bakin yadin ta ɗinka, inda ba zai kai ba ta yi da hannu. Ta yi ƙoƙarin bin tsofaffin ramuka maimakon huda sababbi, ta kuma buɗa tazarar ɗinki, domin ɗinki mai matsewa a kan roba kamar layin yage rasit ne. Zaren da ta sa na irin robar nan ce da ake shafe kaskon suya da ita don kada abinci ya kama, wadda aka fi sani da Teflon. Yana da tsada, yana da santsi a keke, amma rana ba ta cin sa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta yi da tagogi. Zif ba ya hana ruwa, kuma ba a yi shi don haka ba. Maimakon ta yi ta shafa masa magani, sai ta yanko ƙyallen binil mai faɗin yatsu huɗu ta manna shi a saman kowace taga ya sauko ya rufe zif ɗin, na sama yana hawa kan na ƙasa kamar yadda kafinta ke jera kwanon rufi. Tsagu huɗun nan ta yi musu faci ciki da waje da gam ɗin binil, ta zagaye kusurwoyin facin da almakashi don kada su sami bakin ɓamɓarewa. Daga nan ta bi duk layin ɗinki da ruwan toshe rami, da ɗan buroshi, bayan ta goge wurin tas. Mai masaukina ya fito da wani bututun silikon da ya saya, ta karɓa ta ajiye shi can gefe. Ta ce masa duk inda silikon ya taɓa, babu gam ɗin da zai sake kamawa a wurin, kuma wanda zai yi gyara na gaba zai yi ta tsine masa. Gaskiya ta faɗa. Silikon yana da wurinsa, wato a kan yadin da tun asali da shi aka shafe shi.

Sauran gyaran na makaniki ne, muka yi da kanmu. Akwai roba mai ƙoƙo da ke zagaye bakin rufin, wadda take matsewa idan an sauke shi. Ta tsufa ta lanƙwashe, alhali ita ce take tare ruwan da ke dukan goshin ɗakin idan mota na gudun kilomita 100 a awa. Muka sauya ta, muka ƙara wa maƙullan ƙarfi, muka kankare tsohon danƙon da ke gewaye da tagar rufi muka zuba sabo.

Daga Durango hanya mai lamba 550 ta ɗauke mu sama. Cikin awa guda da 'yan mintoci jajayen duwatsu suka ba da wuri ga dazuzzukan itatuwa masu tsini da tafkuna masu sanyi, har muka kai mashigar Molas, mita 3,325 daga teku. A ƙa'ida zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, ga shi kuma iska ta sirance, mutum ya yi taku ashirin sai ya tsaya ya nemi numfashi. Da yamma aka yi ruwa da ƙanƙara ƙanana kamar wake. Muna zaune a ciki muna bin ɗinki da ido, ko ɗigo bai shigo ba. Dattijon ya yi ta murna, ya rufe kowace kafa ruf, ya dafa mana shayi da miya a murhun gas, muka kwanta.

Da asuba ruwa ne ya tashe shi, yana ɗiga a fuskarsa. Bangon yadin gaba ɗaya ya jiƙe sharkaf daga ciki, ƙarafan rufi suna zubar da hawaye, alhali sama tar take da taurari. Ransa ya ɓaci. Ya ce aikin tela ya tashi a banza, gara ya sayi gwangwanin feshi ya bi yadin kaf. A nan muka yi muhawarar da ta fi kowace tsawo a tafiyar, domin ni na tabbata ruwan nan ba daga sama ya zo ba, mu muka kawo shi.

Lissafin a fili yake. Iska mai zafin digiri 20 tana iya ɗaukar tururin ruwa kusan giram 17 a kowace kubik mita, idan ta huce zuwa digiri 5 ba ta iya riƙe ko giram 7. Abin da ya rage dole ya sauka a kan abu mafi sanyi da ke kusa, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke yin gumi a kan teburi. Mutum biyu sun kwana suna numfashi a ɗaki ƙarami, ga jiƙaƙƙun takalma, ga tukunyar miya. Ga kuma gas ɗin kansa, wanda mutane da yawa ba su san yana haifar da ruwa ba: duk kilo ɗaya na furofen da aka ƙona yana sakin ruwa kusan kilo 1.6 a cikin iska. Binil ba ya barin tururi ya fita, feshi kuma ba ya shiga jikinsa balle ya yi wani amfani. Akwai kuma abin da ya fi jiƙewa haɗari. Wuta a rufaffen wuri tana haifar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko launi, ita ce dai take kashe iyalai a garuruwanmu idan aka kwana da janareta a cikin gida ko kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu. Ɗakin da aka toshe har ruwa ba ya shiga ta ko'ina, an toshe shi har guba ba ta fita.

Maganin ya saɓa wa abin da jiki ke so: a buɗe. A dare na gaba muka ɗaga tagar rufi kamar yatsu biyu, muka zuge taga ɗaya ta ƙasa kaɗan a ɓangaren da iska ba ta bugowa, don iska mai ɗumi da laima ta fita ta sama, busasshiya ta shigo ta ƙasa. Girki muka yi shi a waje. Sannan muka rataya wani shafi na biyu da telar ta ɗinka mana tun a Durango, wanda dattijon ya so ya bari a mota don yana ganin ƙarin kaya ne. Yadi ne mara nauyi mai ɗan soso a ciki, yana zagaye bangon daga ciki da ratar yatsa ɗaya tsakaninsu, an kama shi da abin mannen nan mai ƙaya-ƙaya na takalman yara. Wani injiniya ɗan Siwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro wannan abin manne bayan ya lura da yadda 'ya'yan wata ciyawa ke maƙalewa a gashin karensa, wato dai abin da ƙarangiya ta daɗe tana yi wa wandunanmu ba mu tambaye ta dalili ba. Da gari ya waye akwai 'yar laima a jikin binil, amma bargo da katifa a bushe suke, ɗakin kuma ya fi ɗumi duk da tagogi a buɗe, saboda iskar da ke kwance tsakanin shafi biyun.

Wannan dabara ta girmi a-kori-kura nesa ba kusa ba, kuma a kan waɗannan duwatsu ma an san ta. Yankin ƙasar mutanen Ute ce kafin yarjejeniyar Brunot ta 1873 ta fitar da duwatsun San Juan daga hannunsu, saboda azurfa da zinariya. Tantin fata mai tsini da su da ƙabilun filayen tsakiyar Amurka suka yi amfani da shi yana da kafar hayaƙi a sama mai kunnuwa biyu da ake juyawa gwargwadon iska, a lokacin sanyi kuma ana ɗaura masa shafi na biyu daga ciki. Fatar kuma hayaƙi yake gyara ta, ta yadda ko ta jiƙe ba ta ƙandarewa idan ta bushe. Ina kallon shafinmu na soso sai na tuna tantunan fatar awaki na Abzinawan Azawak, waɗanda mata ke shafe su da man shanu da jar ƙasa. Kowace al'umma da ta zauna a tanti ta gano cewa ture ruwan sama rabin aiki ne.

Game da feshin da dattijon ya so saya, yana da amfani a kan auduga da akirilik, bayan an wanke su sun bushe. Aikinsa shi ne ya sa ruwa ya dunƙule ya gangare, kamar yadda yake yi a kan ganyen gwaza. Shekaru da dama mafi ƙarfin irin wannan magani ana yin sa da dangin sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, suna kuma taruwa a jikin mutum. Jihar Kolorado ta hana sayar da maganin feshin yadi mai ɗauke da su daga farkon 2024. Waɗanda suka maye gurbinsu suna ture ruwa, amma ba sa ture maiƙo sosai, kuma sai an fi yawan sabunta su. A ganina cinikin ya yi kyau.

A Silverton, tsohon garin haƙar ma'adinai da jirgin ƙasa ya isa tun 1882, na ga ɗaya fuskar al'amarin. A bayan gari, cikin daji, motoci ne jefi-jefi waɗanda masu su ba yawon shaƙatawa suka zo ba. Ma'aikatan gidajen abinci da otal-otal ne na lokacin baƙi, waɗanda albashinsu ba ya iya kama ɗaki a garuruwan da masu kuɗi suka saye gidajen hutu. Wani saurayi mai wanke kwanuka ya ga muna shanya shafinmu, ya zo ya roƙi mu duba nasa ɗakin. Tun daga ƙofa wari ya gaya mini komai. Yana fita aiki da sassafe, sai ya sauke rufin a kan jiƙaƙƙen yadi don kada iska ta yaga shi, rana ta dafa shi a rufe har dare. Funfuna ta yi baƙi a kowane lungu, ƙarƙashin katifarsa kuma jiƙe yake, ga tari da ya ce ya kai wata guda yana yi. Binil kansa ba abincin funfuna ba ne, dattin da ke kansa da laima su ne abincinta. Muka taya shi wanke bangon da sabulu mai laushi da buroshi, muka ɗaga katifar a kan 'yan katakai don iska ta ratsa, na nuna masa tagogin da zai riƙa buɗewa, dattijon kuma ya ba shi na'urarsa ta biyu mai ƙara idan gubar hayaƙi ta taru. Na ce masa tarin nan kuma na likita ne, ba nawa ba.

Tun daga wannan rana tunanina ya riƙa komawa gida. Ilimin da ake kashewa a kan ɗakin hutun mai hali shi ne dai ilimin da mai kwana ƙarƙashin tamfol a sansanin gudun hijira a Borno yake bukata, ranar da ta ci zaren Moab kuma ita ce take cin ledar rumfarsa, ta ma fi zafi a can. Muna da teloli masu ɗinkin tamfol a kusan kowace babbar tasha, muna da sassan nazarin yadi a jami'o'i, muna da tarihin masaƙu tun daga wadda aka buɗe a Kaduna cikin 1957. Abin da ban cika gani ba shi ne malamin jami'a da telan tasha sun tsuguna a kan ƙyalle ɗaya suna duba ramin allura.

Ranar ƙarshe muka haye mashigar Red Mountain, mita 3,358, ta hanyar da aka sassaƙa a jikin dutse, wadda a wurare da dama babu shinge tsakanin taya da rami. Muka gangara Ouray, garin da ke ɗauke da sunan wani shugaban Ute. An yi yayyafi da safe, saboda haka dole muka naɗe yadin da laima. Da muka isa gari da hantsi, kafin mu nemi abinci, dattijon ya tsaya a wani fili ya ɓalle maƙullai ya tura rufin sama, ya zuge tagogi huɗu, ya sa tsumma ya bi layin naɗi yana gogewa. Ya buɗe ɗan littafinsa ya rubuta abin da ya kashe: zare, gam, roba, shafin ciki da ladan tela. Jimillar ba ta kai rabin kuɗin sabon bango ba. A ƙasan shafin ya rubuta watan da zai sake gwajin fitila, ya tambaye ni ko shekara guda ta yi. Na ce ya mai da shi wata shida, tunda a tudu zai zauna.